Shigo da Intanet Mai Sauri Gidan Bahaushe: Kalmomi da Awo da Ciniki a Yankin Magami

1.0 Gabatarwa

Ranar 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe dukkan tashoshinsu na Jihar Zamfara, bisa roƙon gwamnatin jihar, domin a sami sararin yaƙar 'yan bindigar daji. Da farko an ce mako biyu za a yi, amma sai da Oktoba ta kama sannan sabis ya dawo birnin Gusau, sauran sassan jihar kuwa sai a ƙarshen Nuwamba aka ba da izinin buɗe su. A tsakanin nan mai son jin muryar ɗan'uwansa sai ya hau mota zuwa Funtuwa, kafin can ma a rufe. Wasu suka koma rubuta wasiƙa suna bai wa direbobi a tasha, masu sana'ar cire kuɗi da na'ura kuma suka naɗe hannu. Wannan ya nuna a fili cewa waya da intanet sun riga sun shiga jerin bukatun gida, kamar ruwa da makamashi.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana yadda intanet mai sauri ke isa gida, da yadda magidanci zai zaɓi tsarin biya wanda ya dace da shi, tare da ɗaukar Magami da maƙwabtanta, Gusau da Tsafe da Bunguɗu, a matsayin misali. Za mu fara da kalmomi, domin ra'ayinmu shi ne mutum ba ya iya cinikin abin da bai san sunan ma'auninsa ba. Bahaushen da ba a iya cuta a kasuwar hatsi, saboda ya san tiya ya san buhu, shi ne kuma ke miƙa kuɗi a shagon waya yana cinikin biri a sama.

2.0 Kalmomin da Muke Amfani da Su

Hausa ta daɗe tana karɓar sunayen kayan sadarwa. Tun zamanin Turawa muka sami waya da tangarahu da tarho, aka kuma ƙirƙiri wayar iska. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, da Hukumar Harshen Hausa ta 1955, da gidajen rediyo, duk sun yi aikin daidaita irin waɗannan kalmomi. Da kamfanonin MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta na 2001, sai ga wayar salula da wayar hannu da tafi-da-gidanka, kuma sannu a hankali kalmar waya ita kaɗai ta wadatar, ko da yake babu wani zaren ƙarfe a jikin abin.

Kalmomin zamanin intanet kuwa yawancinsu a kasuwa aka haife su, ba a zauren taro ba. Ana cewa layi da kati da caji da sabis da data. Doguwar hasumiyar da ke watsa sabis jama'a na kiranta ƙarfen sabis. Data ta zama mace saboda ta ƙare da wasalin a, bisa ƙa'idar da aka sani, sabis kuwa namiji ne. Abin lura shi ne aikatan da ake haɗa su da su. Sabis yakan kawo, yakan ɗauke, daidai da yadda ake faɗa wa wutar lantarki da ruwan sama, watau abu ne da ke zuwa daga inda mutum ba shi da iko. Data kuwa sayenta ake yi, a sa ta, a kunna ta, a kashe ta, waya ta cinye ta ko ta zuƙe ta, watau guzuri ce mai ƙarewa. Ashe harshe ya riga ya rarrabe abubuwa biyu da mai saye ya kamata ya rarrabe.

Inda aka sami giɓi shi ne abin da Turawa ke kira burodban. Kafofin labarai sun fi cewa intanet mai sauri, kuma da shi za mu yi amfani a nan saboda ya yaɗu. Sai dai kalmar asali faɗi take nufi. Abin da ake aunawa shi ne yawan saƙon da hanya ke iya ɗauka cikin daƙiƙa ɗaya, kamar yadda kaurin bututu ke ƙayyade ruwan da zai wuce. Da za a ce faffaɗar hanya, da mai sauraro ya gane nan take dalilin da ya sa intanet ke yin nauyi idan mutane suka yi yawa a kansa, domin kowa ya san abin da ke samun hanya ranar kasuwa.

3.0 Hanyoyin da Intanet ke Bi Zuwa Gida

Yawancin saƙonnin da ke tsakanin Nijeriya da ƙasashen waje ta ƙarƙashin teku suke bi, cikin manyan wayoyi irin su MainOne da Glo-1 na 2010, da WACS na 2012, da Equiano wanda ya iso gaɓar Legas a 2022. Ranar 14 ga Maris, 2024, huɗu daga cikin wayoyin Afirka ta Yamma suka lalace a tekun da ke daura da Kodebuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama, har harkar bankuna ta taɓu. Daga bakin teku kuma sai an jawo waya ta tudu zuwa Arewa. Daga nan hanyoyi uku ne ke kai wa ƙofar gida.

3.1 Wayar Faiba

Faiba zare ne na gilashi, siririn gaske, wanda saƙo ke bi ta cikinsa a siffar haske. Ita ce mafi faɗi da tabbas, ruwan sama ba ya damunta. Sai dai dole a haƙa rami ko a kafa turaku har zuwa gidan mai bukata, kuma kamfani na biyan gwamnatin jiha kuɗin izinin ratsa ƙasa. A 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince da naira 145 a kan kowace mita, amma jihohi da dama suka daɗe suna karɓar fiye da haka. Saboda wannan tsada, kamfanoni kan bi gefen manyan hanyoyi, su shiga unguwannin da gidaje suka cunkushe kuma akwai masu biya.

A nan tarihin wuri yana da tasiri. Gusau ta bunƙasa ne da layin dogon da ya taso daga Zariya ya ƙare a Ƙauran Namoda a 1929, ta kuma zama babban birnin jiha a 1996. Tsafe tana kan babbar hanyar Funtuwa, Bunguɗu tana kan ta Sakkwato. Magami kuwa tana kudu da Gusau, a kan hanyar Ɗansadau, watau ta kauce daga babban titi. Saboda haka mazaunin Gusau yana da dalilin tambayar ko faiba ta iso layinsu. Na Tsafe da na Bunguɗu su sani cewa wucewar waya ta gefen titi ba shigarta gida ba ne. Na Magami kuwa ya fi kyau ya mai da hankali ga sauran hanyoyin biyu. A 2024 gwamnatin tarayya ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba a faɗin ƙasa, amma magidanci da abin da ya iso yake lissafi.

3.2 Ƙarfen Sabis

Wannan ita ce hanyar mafi yawan jama'a. Ana sayen wata 'yar na'ura da ake kira rawuta, a sa mata layi, ita kuma ta karɓo sabis daga ƙarfe ta rarraba shi cikin gida ta wayfay. Akwai ƙarama ta aljihu mai batir, akwai ta ajiyewa a ɗaki, akwai kuma wadda ake haɗa wa eriya a ɗaure a kan dogon ƙarfe a waje. Tun Disamba 2020 doka ta wajabta a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN, don haka layin rawuta ma sai an yi masa rajista.

Lambobin 2G da 3G da 4G da 5G matakai ne na ci gaban fasahar. Na farko kira da gajeren saƙo ya fi dacewa da su, daga 4G ne za a iya maganar intanet mai sauri. Shi kuwa 5G, wanda MTN ya ƙaddamar a 2022 a wasu manyan birane, ciki har da Kano da Maiduguri, Airtel kuma ya biyo baya a 2023, yana da faɗi ƙwarai amma ba ya cin dogon zango. Sayen rawutar 5G a inda ƙarfen bai da shi asarar kuɗi ce kawai.

Abubuwa huɗu ne ke ƙayyade abin da gida zai samu: nisansa da ƙarfe, da abin da ya gitta tsakani, da yawan masu amfani, da kuma lafiyar ƙarfen kansa. Wanda ya san Dutsen Kwatarkwashi da duwatsun Tsafe ya san cewa gidaje biyu a ƙauye ɗaya suna iya bambanta, ɗaya yana samu ɗaya ba ya samu. Haka kuma ƙarfe yana cin man gas da batura, kuma sai ma'aikata sun iya isa wurinsa. Idan hanya ta ƙi biyuwa saboda rashin tsaro, man ya ƙare, sabis zai ɗauke ba tare da kowa ya ba da umarni ba. Daɗin daɗawa, sau da yawa kamfanoni biyu ko uku haya suke yi a kan ƙarfe ɗaya, don haka riƙe layi biyu yana da amfani, amma ba kullum yake zama mafita ba.

3.3 Tauraron Ɗan'adam

Tsofaffin taurarin sadarwa, irin NigComSat-1R da aka harba a Disamba 2011, suna can nisan kusan kilomita 36,000, saboda haka saƙo kan ɗauki fiye da rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo. Na kamfanin Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairu 2023, karo na farko a nahiyar Afirka, suna shawagi a nisan kimanin kilomita 550, don haka jinkirin kaɗan ne. Wannan hanya ba ta bukatar ƙarfen sabis ko rami, sarari kawai take so wanda itace ko gini bai tare ba. A zahiri ita ce ta dace da wuri irin Magami.

Amma akwai abubuwa huɗu da za a auna. Na farko, kuɗin farantin da na wata-wata sun fi na sauran hanyoyi nesa ba kusa ba. Na biyu, babban farantin yana cin wuta kamar wat 50 zuwa 100, alhali rawuta ta layi ba ta wuce wat 10 ko kusa da haka, don haka sai an tanadi sola da batir masu ƙarfi. Na uku, ruwan sama mai ƙarfi yakan raunana shi. Na huɗu, kuma wannan ya fi shafar yankinmu, faranti a kan rufi shela ce ta cewa gidan yana da abin hannu. A ganinmu wannan hanya ta fi dacewa da makaranta ko asibiti ko ƙungiya da za a yi karo-karo, bayan an tabbatar tsarin da aka saya ya halatta irin wannan tarayya.

4.0 Awo Uku na Tsarin Biya

Duk wani tsarin biya, ko mene ne sunan da aka laƙaba masa a talla, abubuwa uku ya ƙunsa: faɗin hanya, da yawan data, da wa'adi.

Faɗi ana auna shi da megabit a daƙiƙa, data kuwa da megabait da gigabait. Kalmomin sun yi kama a kunne, kuma a nan ake ruɗewa. Bit 8 ne ke yin bait 1. Ke nan hanya mai megabit 10 tana sauke megabait ɗaya da kwata ne a daƙiƙa, gigabait 1 kuma zai ɗauke ta minti 13 da 'yan kai. Tsarin ƙasa na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar lokacin da Isa Ali Pantami ke ministan sadarwa, ya sa burin megabit 25 a birane da 10 a karkara, da farashin da bai wuce naira 390 ba a kan gigabait 1. Wa'adin ya cika ba a kai ga burin shigar da kashi 70 cikin 100 na jama'a ba, a Janairu 2025 kuma NCC ta amince a ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin 100. Duk da haka adadin megabit 10 ma'auni ne mai amfani: ya ishi ƙaramin gida karatu da kira mai hoto da kallo daidai gwargwado.

Yawan data shi ne inda kuɗi ke tafiya, kuma lissafinsa ba shi da wuya. Sauraron murya, kamar tafsiri ko labarai, a kan kilobit 64 yana cin kusan megabait 29 a awa. Bidiyo a kan megabit 2 yana cin megabait 900 a awa. Ashe awa ɗaya ta kallo ta kai awa 31 ta saurare. Gidan da ake kallon awa biyu kullum zai ci gigabait 54 a wata, ko da ba a yi komai ba bayan wannan. Rubutu kuwa kusan kyauta ne: ɗalibin da ke duba ƙamus ɗin Bargery na 1934, wanda ke kan intanet, ko yake sauke maƙalu, ba shi ne ke cinye datar gida ba. Kafin a zargi kamfani da zuƙe data, a fara duba wayoyin gida, domin da yawa suna sabunta manhajoji da sauke bidiyon WhatsApp da kansu da zarar sun ji wayfay.

Wa'adi shi ne kwanakin da datar za ta yi kafin ta mutu. Tsarin yini ko na mako yana da sauƙin biya, amma idan aka raba kuɗin da yawan gigabait, galibi ya fi na wata tsada, kamar mai awo da gwangwani da mai sayen buhu. Wannan rabawa ita ce tiyar wannan kasuwa, da ita kaɗai za a gwada tsarin wani kamfani da na wani. A tambaya kuma ko ragowar data tana bin mutum zuwa wata mai zuwa, da sharaɗin hakan, da ko tsarin yana sabunta kansa ya cire kuɗi ba a sani ba. Tsarin da ake tallatawa da cewa ba shi da iyaka kuwa, sau da yawa yana da wani adadi da idan aka kai shi sai a ƙuntata hanyar. A nemi wannan adadi a rubuce. Tun 2023 an daidaita lambobin kamfanoni, ana duba tsare-tsare da *312#, ragowar data da *323#, ƙarar da kamfani ya kasa warwarewa kuma ana kai ta NCC ta lamba 622.

Wajibi ne kuma a dubi yadda kuɗi ke shigowa gidan. Malamin makaranta mai albashi yana iya ɗaukar nauyin wata-wata. Manomin dawa da masara da waken suya kuwa da kaka yake samu, tsakiyar damina hannunsa a ƙuntace yake. Irin wannan ya fi kyau ya sayi na'ura da sola da kaka, ya riƙe tsarin da zai iya ragewa ko dakatarwa ba tare da tara ba.

Bayan duk wannan, gani ya kori ji. Kafin a sayi rawuta, a ari layin kowane kamfani a gwada shi a cikin gidan, da safe da kuma bayan sallar isha'i lokacin da hanya ke cunkushewa, har kwana uku ko huɗu. Abin da maƙwabci ya shaida a watan Agusta, lokacin hadari, ya fi abin da ke rubuce a allon talla.

5.0 Ina Za a Ajiye Ta?

Waɗanda suka ƙera rawuta ba gidan Bahaushe suka hanga ba. Gidanmu yana da zaure, da shigifa, da tsakar gida, da ɗakuna a warwatse, ga katangar ƙasa mai kauri, ga rufin kwano. Ƙasa mai kauri tana shanye wayfay, kwano kuma yana mayar da shi. Yawancin na'urorin suna watsawa a zango biyu, na 2.4 da na 5, kuma na 2.4 shi ya fi ratsa bango. A ɗaga na'urar sama, kusa da tagar da ke duban ƙarfen sabis, a wurin da ya fi kusa da tsakiyar gida, nesa da madafi da zafin rana.

Amma zaɓen wurin ya wuce maganar fasaha. Rawutar da aka ajiye a zaure baƙi da samarin ƙofar gida take yi wa aiki, matan gida ba su samu ba. Wadda aka kulle a turaka kuwa sai maigida yana nan. Alhali matan aure da yawa yanzu da waya suke tallata abinci da turare da atamfa daga cikin ɗakunansu, cinikin da a da sai an ɗora wa yarinya talla. Haka nan ɗan gidan da zai zauna jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, yana bukatar wurin gwaji. Wanda aka sayi abin dominsa, shi ya kamata ya fi kusa da shi.

Sai batun kalmar sirri. Al'adarmu ba ta yarda a hana maƙwabci wuta ko ruwa ba, kuma kunya takan hana maigida cewa a'a. Amma kalmar da aka bai wa mutum ɗaya da safe, kafin magariba ta zaga unguwa. Yawancin na'urori suna da ƙofa ta biyu ta baƙi, wadda ake iya buɗewa a rufe ba tare da an taɓa ta gida ba. Wannan zaure ne na zamani, ana karɓar baƙo a mutunta shi ba tare da ya shiga cikin gida ba. Haka kuma ana iya ƙayyade lokacin da wayoyin yara za su samu, domin tarbiyya ba ta sauka daga wuyan iyaye don an sayi na'ura.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa faiba ta masu zama cikin birni ce, ƙarfen sabis shi ne na mafi yawan gidaje muddin an gwada kafin a saya, tauraro kuma ya fi dacewa da tarayya. Mun ga kuma cewa tsarin biya awo uku ne, kuma raba kuɗi da gigabait shi ne ma'aunin gaskiya. Abin da ya faru a 2021 ya koya mana cewa a wannan yanki duk wani tsari a kan zaman lafiya ya dogara, don haka mai hankali yakan sauke littattafai da takardun da yake bukata ya adana tun sabis yana nan.

Saura aikin da ya rataya a wuyan masana harshe. Sharuɗɗan da ake ƙulla wannan ciniki a kansu yawanci da Ingilishi suke, manomin Magami kuwa danna lamba kawai yake yi ya amince da abin da ba a karanta masa ba. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu, ciki har da Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, su haɗa kai da gidajen rediyo su tattara kalmomin da jama'a suka riga suka ƙirƙira, su cike giɓin da ya rage, musamman na faɗi da iyaka da sabuntawa, sannan a nemi NCC ta sa kamfanoni su riƙa bayyana sharuɗɗansu da Hausa. Ɗaliban da ke neman batun bincike kuma, ga fage nan a shagunan caji da tashoshin mota na Gusau da Tsafe da Bunguɗu, inda ake ƙera waɗannan kalmomi kullum ba mai rubutawa.